Yatsan Mai Gyaran Agogo

Sau uku ma'aikaciyar karɓar kuɗi ta asibitin ido ta zura katin a cikin na'ura, sau uku na'urar tana tofo 'yar guntuwar takarda. A na ukun sai ta ɗago kai ta dubi dattijon da ke tsaye a gaban kantarta, ta rage murya don kada mutanen layi su ji.

"Baba, ta ce babu isassun kuɗi a asusun."

Mai Agogo ya yi murmushin mutumin da ya san inda ya ajiye kayansa. "Sake gwadawa, 'yata. Ina jin na'urar taku ce ba ta karya kumallo ba."

Ta sake, don dai ta faranta masa. Amsar ba ta canza ba.

Sati shida ke nan da ya sayar da rumfarsa ta gyaran agogo, da teburin, da kujerar, har da ɗan madubin da ya shekara arba'in da ɗaya yana maƙalawa a ido. Idonsa na hagu ya riga ya mutu. Na dama kuma hawan jinin ido ya kama shi, likita ya ce a yi aiki kafin wata uku, in ba haka ba jijiyar ta bushe, babu mai iya tayar da ita. Kuɗin rumfar sun isa aikin har da ragowa, shi kuwa ko sisi bai taɓa ba.

Autansa, wanda ya rako shi, ya taɓa masa kafaɗa. Saurayi ne dogo, ya gama karatu shekara uku ke nan yana zaman jiran aiki.

"Baba, mu koma gefe, mun tsare wa mutane layi."

"Tambaye ta nawa ya rage."

"Mu je gida dai, Baba. Ƙila layin banki ne ya samu matsala."

A gida matarsa ta saurari labarin tana tsaye a ƙofar kicin, ludayi a hannu. Ba ta yi salati ba, ba ta dafe ƙirji ba, abin da ya ɗan ba shi mamaki, don mace ce da ko kofi ya faɗi sai ta yi salati uku.

"Malam, ko dai wani ya kira ka a waya ka ba shi lambar katin?"

"Ban ba kowa ba."

"'Yan damfara sun iya baki, Baba," in ji Auta. "Sai su ce daga banki suke. Mutum ya karanta musu komai, daga baya ya manta."

"Da wane idon zan karanta musu?"

"Ai ka haddace lambar," matar ta ce da sauri. "Kuma ka san kwanan nan kana yawan mantuwa. Shekaranjiya ina ka ajiye hularka?"

Ya juya wajen da muryarta ke fitowa. Hular nan ita ta ɗauke ta wanke ba ta gaya masa ba. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga abin bai kai a yi musu a kansa ba, ya ƙyale.

Kafin kwana uku labari ya zaga layinsu kaf: Mai Agogo ya fara rikicewa, ya karanta wa ɓarayi lambar katinsa a waya. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje, kowa da nasa labarin wanda aka yi wa haka. Mai shagon bakin layi, wanda dā yake tambayarsa ƙarfe nawa don ya saita agogon bangonsa, yanzu in zai yi masa magana sai ya ɗaga murya yana rarrabe kalmomi, kamar mai magana da ƙaramin yaro. Abin nan ya ci wa Mai Agogo rai fiye da yadda zai iya faɗi. Mutumin da za ka kawo masa agogo bayan shekara bakwai ya gaya maka abin da ya canza a ciki wancan karon, shi ne yau ake wa kallon wanda hankalinsa ya soma gushewa.

Ran Litinin suka je banki. Suka karɓi lamba, suka zauna a kan kujerun ƙarfe masu sanyi har kusan azahar. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta saurare shi da ladabi, ta ba da fom ɗin ƙorafi, Auta ya cike, ta ce a dawo bayan kwana goma na aiki.

"Kwana goma na aiki sati biyu ke nan, 'yata. Idona ba ya hutun Asabar da Lahadi."

"Yi haƙuri, Baba, haka tsarin yake."

Idon kuwa bai jira tsari ba. Kullum safiya sai ya tarar gefe da gefe sun ƙara duhu, yana ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. In ya dubi fuskar matarsa ba ya ganin kafaɗarta. Ya daina ganin matakalar ƙofar ɗaki, sai da ya buge ƙauri sau biyu ya koyi laluba ta da ƙafa. In dare ya yi ciwon kai ya sauko masa ta gefen ido kamar ana buga ƙusa.

Abu ɗaya ne ke sanyaya masa rai a kwanakin nan, lokacin ɗiga magani. Sau uku ake ɗiga masa a rana, takwas na safe, biyu na rana, shida na yamma, kuma bai taɓa bari an wuce da minti ɗaya ba. Auta ne ya ɗauki aikin tun ranar farko, ba tare da an sa shi ba. Zai kwantar da mahaifinsa, ya gyara masa matashi, ya ɗiga maganin. Maganin yana da zafi, kuma likita ya ce a rufe ido minti biyar. A cikin mintunan nan biyar Auta yakan zauna a bakin gado ya riƙe hannun tsohon, yana mammatsa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Sannu, Baba. Yanzu zai daina." Mai Agogo ya sha yin alfahari da wannan a gaban baƙi. Yakan ce ya haifi 'ya'ya biyar, huɗu suna aiko da gaisuwa ta waya, amma wanda ba shi da aikin nan shi ne ke riƙe masa hannu.

Ranar da kwana goman suka cika Auta ya ce cikinsa na ciwo, a bari sai gobe. Matar ma ta ce a bari. Mai Agogo ya ɗauki sandarsa ya fita shi kaɗai, mai shago ya tsayar masa da motar haya.

Ma'aikaciyar mai tabarau ta gane shi. Ta jawo masa kujera, ta yi ta danne-danne a kwamfuta, sannan ta yi gyaran murya.

"Baba, an gama bincike. Babu wanda ya shiga asusunka daga waje. Katinka yana haɗe da manhajar banki a wayarka, kuma duk kuɗin da suka fita, an amince da fitarsu da zanen yatsanka. A wurinmu kai ne ka biya."

Gaskiya ne akwai maganar yatsa. Ranar da aka sayar da rumfa babban ɗansa, wanda duk gidan ke kira Babba, shi ya saita wayar. Ya ce tun da Baba ba ya ganin lambobi, gara a sa yatsa. "Lambar sirri ana iya leƙa ta, Baba, amma yatsanka yana jikinka. Wa zai sace shi?" Har dariya aka yi ranar.

"Ni ban biya kowa ba, 'yata. Wa aka biya?"

Ta duba kwamfutar. "Wani kamfanin cacar ƙwallo ne. Sau tamanin da bakwai."

"Ni da ban san 'yan wasa nawa ne a fili ba?"

"Kuma duk lokacin da kuɗi suka fita muna turo saƙo wayarka."

Yana jin ƙarar saƙonnin kuwa. In ya tambaya sai a ce masa tallan kamfanin waya ne.

"Karanta mini."

Ta fara da kwanan wata da adadin kuɗi. Ya ɗaga hannu.

"Bar kuɗin. Akwai lokaci a jiki? Karanta mini lokacin kawai."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta bi layin da bironta. "Takwas da minti uku na safe. Biyu da minti biyu. Shida da minti huɗu. Washegari, takwas da minti biyu. Biyu da minti uku. Biyu da minti huɗu. Shida da minti..."

"Ya isa."

Ya zauna bai motsa ba. Hayaniyar banki ta yi masa nisa, ana kiran lamba, wani yana faɗa da mai gadi. Ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa, ya juyo da idon da ya rage masa a kai, har babban yatsan ya shigo cikin ɗan abin da yake iya gani. Ya daɗe yana kallonsa.

Ma'aikaciyar ba yarinya ba ce, ta ga irin wannan zaman ba sau ɗaya ba. Ta sassauta murya.

"Baba, akwai wata hanya. In ka tabbata ba da saninka aka yi ba, ga wannan fom ɗin. Za ka kai ƙara wurin 'yan sanda, su ba ka takarda, ka haɗo da shi. Akwai inshora a kan katin, suna iya mayar maka da kuɗinka cikin sati biyu. Sai dai ka sani, 'yan sanda za su bi asusun cacar su gano mai shi, kuma in sun gano ba su bari."

"In ban kai ƙara ba fa?"

"Sai mu rufe ƙorafin a kan cewa kai ka amince."

Ya ninke fom ɗin gida huɗu, ya sa a aljihun gaba.

Ya isa gida biyu saura kwata. Cikin Auta ya warke, yana tsakar gida yana wanke takalmi. Da biyu ta buga Mai Agogo ya kwanta kamar kullum. Ya san Babba ya turo 'yan kuɗin magani jiya. A ransa yana roƙon Allah Ya ƙaryata shi, ya fi son a ce da gaske ya rikice ɗin.

Maganin ya sauka da zafinsa. Katifa ta lotsa a gefensa. Hannu mai ɗumi ya kama nasa.

"Sannu, Baba. Yanzu zai daina."

Ƙaramin yatsa, na kusa da shi, na tsakiya, manuni. Da aka zo kan babban yatsa sai ya ji an ɗan juya shi, an kwantar da shi a kan wani abu mai santsi da sanyi. Ya sha jin santsin nan. Zafin magani ne bai taɓa barinsa ya tambayi kansa ko mene ne ba.

Ya buɗe ido, magani da hawaye suka gangaro tare.

"Yau nawa?"

Wayar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Auta ya miƙe zumbur, ya koma ya durƙusa.

"Baba, wallahi ba yadda kake zato ba ne. Aro na yi. Na farko kaɗan na ɗauka, na ce in na ci in mayar har da ƙari, a yi maka aikin a asibitin kuɗi mai kyau. Saura wasa ɗaya fa ya rage, Baba, ƙwallo ɗaya tak aka sa mana a minti na ƙarshe. Da na ga sun tafi sai na ce dole in nemo su. Duk abin da ka ga ina yi, kuɗinka nake ƙoƙarin dawo maka da su."

"Da hannuna."

"Da zan tambaye ka, ba za ka ba ni ba."

Matar ta shigo da gudu, ta ga wayar a ƙasa, ta ga ɗanta a durƙushe. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. A nan ne Mai Agogo ya gane sauran.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kwana biyar kafin ku je asibiti. Ya rantse mini zai mayar. Malam, me kake so in yi? In tona wa ɗana asiri?"

"Sai kika ce wa duniya na haukace."

"Ban ce ka haukace ba, mantuwa na ce. Mantuwa ai ba abin kunya ba ce ga tsoho. Sata fa? Wa zai ba shi aiki? Wa zai ba shi mata?"

Babba ya zo da yamma daga ofis, da makullin mota a hannu yana kaɗawa. Ya zazzage Auta da faɗa, ya kira shi shashasha, mara tausayi, har ya ɗaga hannu kamar zai mare shi. Da ya huce sai ya jawo kujera kusa da mahaifinsa, murya ta koma ta lallashi.

"Baba, abin da ya faru ya faru. Ni a ganina laifin bankin ma ya fi yawa. Ta yaya kuɗi za su fita sau tamanin zuwa gidan caca daga asusun tsoho, ba wanda ya ɗaga waya ya tambaya? Kai ma kuma, Baba, da ka riƙa sa wayar a aljihu."

"Akwai fom," in ji Mai Agogo. "In na kai wa 'yan sanda, za a mayar da kuɗin cikin sati biyu. Likita ya ce saura mini sati uku."

Babba ya zabura.

"'Yan sanda kuma? Haba Baba! Wata mai zuwa za a tantance Auta a aikin nan da na sha wahalar nema masa. In sunansa ya shiga littafin 'yan sanda shi ke nan, ya gama yawo. Ni kuma da wane ido zan shiga ofis, a ce ƙanina ɓarawon kati ne, uban ne ma ya kai shi?"

"Ni da wane ido zan shiga ko'ina?"

Babba ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. "Ka ba ni zuwa ƙarshen wata. Zan kira su Yaya, mu haɗa. Wannan maganar gida ce, a gida za ta mutu."

Matar ta matso ta kama ƙafar mijinta tana kuka. "Malam, ka dubi girman Allah. Kai ka ga duniya, ka ci zamaninka. Shi yanzu ya fara. In aka rufe yaron nan, gawata za ka tarar."

Ba wanda ya ce masa ya zaɓi makanta. Ba su da ƙarfin halin faɗin haka. Sai dai kowa ya faɗi tasa, ya tashi ya bar shi da fom a aljihu.

Daga ranar ya koma ɗiga wa kansa magani. Rabi ya shiga ido, rabi ya bi kunci. Auta ya daina haɗa ido da shi, in ya ji sandarsa a tsakar gida sai ya shige ɗaki. Uwar kuwa ta ƙara wa yaron nama a kwano, wai ya rame saboda damuwa. Maƙwabta suka ci gaba da jajanta masa mantuwa, ba wanda ya gyara musu zance.

Ƙarshen wata ya zo. Babba ya kira ya ce kuɗin makarantar yara ya taso, mota kuma ta lalace, amma yana nan yana ƙoƙari. Babbar 'yarsa ta ce mijinta bai samu albashi ba. Sauran biyun suka ce a ba su lokaci. Kowannensu ya rufe da cewa Allah Ya ba Baba lafiya.

Ranar Laraba, saura kwana takwas wa'adin likita ya cika, Mai Agogo ya sa rigarsa mai kyau ya fita. Ya laluba har ofishin 'yan sanda, tafiyar da dā yake yi cikin minti goma ta ɗauke shi kusan awa. Akwai wani benci a gindin bishiya daura da ƙofar, ya zauna a kai. Yana jin ana shiga ana fita. Can aka sauke wani saurayi daga mota, Mai Agogo yana jin ƙarar ankwa, yana jin yaron na cewa, "Don Allah ku kira mini babana." Muryar ba ta yi kama da ta Auta ba ko kaɗan. Duk da haka sai ya tuna ranar da aka miƙo masa Auta a zani, da yadda yaron yake zuwa rumfa bayan makaranta ya kara agogo a kunne yana dariya. Ya yi fushi da kansa da ya tuna. Ya so a ce zuciyarsa ta bushe kamar jijiyar idonsa na hagu, ya tashi ya shiga ya gama. Ya miƙe sau biyu, sau biyu yana komawa ya zauna. Da rana ta take ya juya ya nufi banki.

Ma'aikaciyar mai tabarau ta karɓi fom ɗin, ta warware ninkin, ta ga babu ko ɗigon biro a jiki.

"Rufe ƙorafin, 'yata."

"Baba, ka yi tunani? In na rufe ba a sake buɗewa."

"Na yi."

Ta fitar da wata takarda ta karanta masa: cewa shi mai asusun ya tabbatar duk kuɗin da suka fita da saninsa da yardarsa ne, kuma ba ya zargin kowa. Ta ɗora masa biro a kan layin. Ya sa hannu, rubutun ya karkace ya sauka ƙasan layi.

"Sannu, Baba," ta ce. Sannan ta danna ƙararrawa ta kira lamba ta gaba, don layin yana da tsawo.

A takardun banki ba a yi sata ba. Na'ura ta nemi yatsa, an ba ta yatsa, ba aikinta ba ne ta san ko mai yatsan idonsa a rufe yake. Masu ƙera waɗannan abubuwa sun yi wa ɓarawon nesa shiri iri-iri, lamba a kan lamba, saƙo a kan saƙo, amma duk ƙofofinsu titi suke kallo. Ba su yi tunanin tsohon da sai an karanta masa saƙo ba, ko tsohuwar da jikarta ke riƙe mata kati, ko majinyacin da wayarsa ke hannun mai jinyarsa. Waɗannan su ne aka fi yi wa, kuma su ne ba sa kai ƙara, don wanda za su kai ɗin a ɗaki ɗaya suke kwana. Banki ya ce kai ka amince. Gida ya ce ka rufa asiri. Shi kuwa asirin, in ka duba da kyau, kullum na mai ƙarfi ake rufawa, da jikin mara ƙarfi.

Auta ya samu aikin. Aka yi murna, uwar ta raba wa maƙwabta alewa. Albashinsa na farko ya sayo wa mahaifinsa sabuwar sanda mai kan roba, ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki ba tare da ya shiga ba.

Sai bayan wata huɗu kuɗin aikin suka haɗu. Babba ya zo da su a ambulan yana fara'a, ya ce a shirya a tafi, ai ya faɗa ba zai ba Baba kunya ba. Mai Agogo ya laluba ya ɗauki sandarsa. Sati biyar ke nan da ya farka wata safiya ya tambayi matarsa me ya sa ba a buɗe taga ba, ta ce a buɗe take.

Suka ɗunguma asibiti su huɗu a motar Babba. Likita ya zaunar da shi, ya ɗaga masa haɓa, ya haska fitila a idon dama. Mai Agogo ya ji ɗumin fitilar a fatar idonsa.

"Baba, kana ganin haske?"

"A'a."

"Yanzu fa?"

"A'a."

Likita ya kashe fitilar, ya koma kujerarsa ya buɗe fayil. Mutum ne mai zafi in aka yi wasa da magani.

"Na ce wata uku. Da bakina na faɗa, ga shi na rubuta. Yau wata nawa? Wannan idon da an kawo shi a kan lokaci, da yanzu yana karanta jarida. Ku mayar da kuɗinku, babu abin da zan yi wa aiki. Ku 'ya'yansa ne? Me ya hana ku kawo shi?"

Mai Agogo yana jin numfashinsu su uku a bayansa, yana jin Babba na murza ambulan. Can sai muryar Auta ta fito, a hankali, cikin ladabi.

"Wallahi likita mun yi ta fama da shi. Ka san tsofaffi da tsoron aiki."

"Taurin kai gare shi," in ji matar.

Likita ya yi tsaki, ya juyo da kujerarsa.

"Haka ne, Baba? Kai ka ƙi zuwa?"

Mai Agogo ya riƙe sandar da hannu biyu. Yanzu ko ya faɗa babu abin da zai dawo, kuma da mutanen nan uku zai koma gida, su za su riƙa nuna masa inda ƙofa take har ranar da zai bar duniya.

"Haka ne, likita," ya ce. "Yaran sun yi iya ƙoƙarinsu."

Likita ya girgiza kai, ya ɗauki biro ya rubuta a fayil cewa mara lafiya ya ƙi zuwa a kan lokaci.